Sunan da ke Ƙasan Takardar Orville Tackett

Zuwa ga Likita Alton Bledsoe,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Sunana Lorraine, 'yar Orville Tackett da ya rasu a sashen gaggawa na asibitin garinmu ran 9 ga Maris. Daga Ohio na taso, na iso an riga an rufe masa fuska. Asibiti sun ce kamfanin da ke kawo musu likitoci ya rushe, wayarsu ma ba ta shiga. Sunanka na gani a ƙasan takardarsa ta asibiti.

Ba ƙara zan kai ba. Wata bakwai muka yi ba ma magana da Baba. Ya neme ni?

Na gode,
Lorraine

Malama Lorraine,

Ina miki ta'aziyya. Kamfanin nan ni na kafa shi da abokina Crane a 1984, a teburin kicin ɗinsa. Mu shida ne, asibiti ɗaya. Duk mai haƙar kwal da ya shigo yana tari mun san shi, mun san matarsa. Da muka sayar wa masu zuba jari, asibitoci suka kai ɗari biyu, bashi ya yi katutu, aka shiga rage likitoci. Crane ya yi fushi ya tafi. Ni aka ba ni ofis mai taga, na zauna.

Yanzu an kwashe har kujerun, amma kullum da safe sai in ɗaura agogo kamar ana jirana.

Da girmamawa,
A. Bledsoe

Likita,

Barka dai. Tarihin kamfaninka ya isa haka. Kai ne likitan da ke kan Baba. Ya neme ni ko bai neme ni ba?

Ina jira,
Lorraine

Lorraine,

Na gaishe ki. Sau uku na rubuta miki cewa ya kira sunanki, sau uku na yaga.

Ranar babu likita a wurin. Mataimakiyar likita ce ta duba shi, ita kaɗai, kuma na neme ta na rasa. Ni ina can Tennessee, nesa da asibitin. Washegari takardun marasa lafiya tamanin, har da tasa, suka zo min ta kwamfuta, na sa hannu kafin kofina ya huce. Ina jin kunya. Ban taɓa ganin mahaifinki ba.

Tun da wasiƙarki ta zo, duk dattijon da ya juya min baya a kanti sai in ce shi ne. In kina da hotonsa, don Allah ki aiko min.

Ki gafarce ni,
Alton