Maɓallin Ƙasan Hagu

Mzuzu, 16 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Chawanangwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, kai da maiɗakinka Tamanda da 'yar jaririyarmu da har yau sai a hoto muke ganinta. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya ta, ya kare ku daga sanyin Dublin. Mu nan lafiya lau, sai yayyafin Yuni da ka sani, wanda ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya barin shanya ta bushe. Baba yana can Bolero, ƙafar ta yi sauƙi har ya koma zaman dattawan coci, an ce ranar farko ma sai da ya yi musu da mutum uku. Masara ta yi kyau bana, maiɗakina Wezi ta je ta taya su ɗauka, ta dawo mana da buhu biyu da ƙorafin cewa ba ka kiran Baba sai ran Kirsimeti.

Na san tun kafin ka fara karatu ka lura da abu ɗaya. Wannan rubutun hannu ne, kuma hannuna ne, wanda malaman firamare suka yi ta fama da shi har suka haƙura. Shekara goma sha ɗaya da tafiyarka, duk wasiƙar gida Yaya Lusungu ce take buga ta a ofis, mu kuma mu sa hannu a ƙasa, don ita a wurinta waya hira ce kawai, takarda ce magana. Wannan karon ba ita ta buga ba, kuma dalilin ne ya zaunar da ni. Ka yi haƙuri da tsawonta, raina a ɓace yake, kuma kai ne kaɗai a gidanmu za ka gane abin da nake faɗa.

Ka san aikina a kwalejin: ni da abokin aikina Gomezgani muke kula da kwamfutoci ɗari da arba'in, daga ta shugaba har ta mai tsaron laburare. A watan Afrilu hedikwata ta aiko daga Lilongwe cewa a sa wa kowace sabuwar babbar manhaja, wai an gyara mata fuska. Chawa, ban taɓa ganin ƙazamin aiki irin wannan ba. Maɓallin nan na kusurwar ƙasa ta hagu, wanda kowa yake dannawa ya ga jerin kayan aikinsa, sun ɗauke shi. A madadinsa an shimfiɗa wa mutum wasu manyan murabba'ai masu launi kamar zannuwa a kasuwa, wannan yana juyi, wancan yana gaya maka yanayin wani garin da ba ka da kowa a cikinsa. Haɗa firinta da nake yi da danni uku yanzu tara ne. Wurin saita na'ura an raba shi gida biyu, rabi a nan, rabi a can, kuma babu wanda ya san me ke ina. Kashe kwamfuta ma, kashewa fa, sai da muka yi kusan minti ashirin muna nema, mu biyu, ƙartin maza masu takardar shaida. Gome ya ce, "Wallahi wanda ya tsara wannan abu bai taɓa ɗaukar wayar lakcara ranar Litinin ba. A kawo mini shi nan ya yi sati ɗaya, in bai yi kuka ba a canja mini suna." Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne murabba'an ba sa zama wuri ɗaya, wai na'urar tana koyon halinka, sai ta riƙa matsar da su yadda ta ga dama.

To ga inda nawa laifin ya shigo. Kai ma ka san al'adarmu a wannan sana'a: mai kula da kwamfutoci shi ne na ƙarshe da yake sa sabon abu a tasa. Mukan ce don tsaro ne, amma gaskiyar ita ce mun fi kowa sanin wahalar. Ranar Asabar muka bi ofis-ofis muka canja wa jama'a, namu biyu muka bar su da tsohuwa. Ofishin shugaba a kulle yake, na ce a bar shi sai sati mai zuwa, na tafi gida. Ashe bayan tafiyata Gome ya karɓi makulli wurin maigadi ya gama da shi, don ya burge ni, bai kuwa gaya mini ba. Al'adarmu ta biyu ita ce ba ma tashi daga kujera in waya za ta iya. Mutum ya kira, kai kana kallon allonka kana gaya masa danna nan, danna can.

Litinin da safe, ko shayina ban kurɓa ba, wayar ta yi ƙara. Yaya ce daga ofishin shugaba, inda ta shekara ashirin da takwas tana sakatariya. Ta ce, "Vitu, ina so in buɗe wurin rubutu, ban ga hanyar ba." Ban san shugaba yana tsaye a kanta yana jiran takardar taro ba, ban kuma san ta buɗe muryar wayar don hannayenta suna kan kibod ba. Na dubi allona, ga maɓalli nan zaune inda yake tun ina saurayi. Na ce ta duba ƙasa ta hagu. Ta ce babu. Na ce a kusurwa, Yaya, can ƙasa. Ta ce ba ta ga komai ba. Na ce yana nan mana, ga shi ina kallonsa, shekara nawa yana nan? Ta ce, a hankali, "Babu, Vitu." Ni kuma da bakina, da irin wasan da muke yi wa kowa sau goma a rana, na ce, "Haba Yaya, ko makancewa kika yi ne?"

Sai na ji muryarta, amma ba da ni take ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Ba na gani sosai. Shekara uku ke nan."

Chawa, shekara uku idanunta suna tafiya, babu wanda ya sani. Ni da nake cin tuwon nsima a gidanta kowace Lahadi ban sani ba. Tsakiyar ganinta ne ya dushe, tana gane mutum da ƙofa da hanya, amma ƙananan rubutu sun gagare ta. Sai ta haddace na'urar gaba ɗaya. Danna wannan, sauka huɗu, shiga, ga wurin rubutu. Sauka shida, ga firinta. Shugaba yana faɗa tana bugawa ba tare da ta kalli allo ba, har yana yabonta gaban baƙi. Takardun da suka shigo kuma tana da gilashin ƙara girma a cikin durowa, sai ta rufe ƙofa ta bi su layi-layi. Wata ashirin kawai suka rage mata ta cika shekara talatin. Ka tuna allon katakon nan na babban zaure, inda ake rubuta sunan duk wanda ya cika talatin da fenti ruwan zinariya? Sunaye goma sha huɗu ne, babu mace ko ɗaya. Ba ta taɓa faɗa ba, amma duk wanda ya san Yaya ya san inda ta sa ranta. Ran nan ta danna abin da ta saba, wani abu daban ya fito. Ta dubi kusurwa ba ta ga komai ba. Ga ƙanenta, wanda take kira Injiniya, yana rantsuwa cewa abin yana nan. Sai ta ɗauka ranar da take tsoro ce ta zo.

Na hau benen da gudu. Ina shiga na ga murabba'an nan suna ta juyi a allonta. Na ce mata Yaya, ba idonki ba ne, sun cire shi. Ta kai hancinta dab da allon, ta daɗe, sannan ta ce, "Wato babu shi ɗin? Ga kowa da kowa babu?" Na ce babu. Ta yi wata 'yar dariya da ba na fatan in sake ji, ta ce, "To ai da na yi shiru." Shugaba yana tsaye yana kallon takalminsa.

Ba mugun mutum ba ne, kada ka zarge shi. Amma abin da ya ji ya ji, kuma doka ta ce ya sanar da hedikwata, su kuma suka ce kwamiti zai zo ya gwada ta bayan sati uku. Na roƙi a bar ni in mayar mata da tsohuwar manhaja, ita kaɗai. Jami'in da ke Lilongwe ya ce ba zai yiwu ba, dole kowa ya zama iri ɗaya, sun ma kulle hanyar daga can. Ya ƙara da cewa matsalarmu mu 'yan arewa ba ma son ci gaba, sannan ya turo mini littafi mai shafi arba'in kan yadda sabuwar fuskar ta fi sauƙi. Abin da yake da sauƙi har sai an yi masa shafi arba'in! Na ƙara mata girman rubutu har kalma uku suka cika allo, bai yi ba. Sai muka koma ƙidaya, kamar yadda ta koya wa kanta da farko. Kullum lokacin cin abincin rana ni da Gome muna gefenta, dama biyu, sauka ɗaya, shiga. Kanta kuwa yana nan garau, sau ɗaya ake gaya mata. Amma washegari sai na'urar ta matsar da komai. Gome ya gano yadda ake kafe murabba'an, muka kafe, har muka sayi soyayyen kifin usipa muka yi murna. Yana ta ce wa Yaya, "Mama NyaMsiska, yanzu ko shaiɗan bai isa ya motsa su ba." Ana jibi kwamiti zai zo, wani ƙarin gyara ya sauko da kansa, ba a tambayi kowa ba, ya warware duk abin da muka kafe. Ba mu lura ba, don a ranakun nan rabin kwalejin yana kiranmu.

Ranar gwaji mutum uku suka zauna bayanta da takardu. Aka ce ta buɗe wurin rubutu ta buga abin da za a faɗa. Ta gyara zama, ta ƙirga dama biyu, sauka ɗaya, ta shiga. Wasan karta ne ya buɗe, har da kiɗa. Ita ba ta gani ba, ta ɗora yatsu ta ce a fara. Na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana rubutu. Gome ya fita waje, daga baya na same shi bayan ɗakin janareta idonsa jawur, yana zagin mutanen da bai san sunansu ba.

Ba ta jira hukuncinsu ba. Washegari ta sa aka ɗauko mata tsohuwar tafireta daga sito, wadda ta fara aiki da ita, ta goge ƙurar da gefen zaninta, ta buga takardar ajiye aiki da kanta. Shugaba ya karanta sau biyu, ya ce mini ko waƙafi ɗaya bai ɓata ba. Ƙarshen Mayu ta kwashe kayanta. Yanzu tana gida a Chibavi tana fama da kabeji da tumatir. Ba ta taɓa ce mini kai ne ba, har yau Injiniya take kirana, ta kuma zuba mini nama fiye da na kowa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san ba kamfaninku ne ya yi wannan ba, ku na wayoyi kuke yi. Amma sana'arku ɗaya. Ban manta hoton ofishinku da ka turo ba, bango cike da 'yan takardu masu launi, kana gaya mini kun cire abu bakwai don allo ya yi fili ya yi kyau. A lokacin na yi alfahari da kai, yanzu ma ina yi. Sai dai in kun sake zama za ku cire wani abu, ka tuna cewa yatsun da suka buga takardar neman karatunka sun haddace inda yake. Ga rahoton likitan ido na sa a cikin ambulan, ka nuna wa wani a can ko da abin da za a iya. Ka kuma kira ta, amma kada ka tayar da maganar sai in ita ta fara. Ni dai satin da ya wuce na sa sabuwar manhajar a kwamfutata, don in riƙa ganin abin da mai kirana yake gani. Kowace safiya hannuna sai ya fara zuwa kusurwar nan kafin in tuna.

Wezi tana gaishe ku, ta ce a sumbaci jaririya. Yarana Tiwonge da Mphatso suna gaida baffansu, wai ba su manta alkawarin takalmin ƙwallo ba. Baba da Gwaggo NyaKumwenda suna sa muku albarka. Ka gaida Tamanda da kyau, da mutanen gidansu in kun yi waya. Gome ma ya ce a gaishe ka, ya ƙara da wata magana game da masu sana'arku da ba zan rubuta ba.

Jiya Lahadi na kai wa Yaya wannan takarda na ce kai nake rubuta wa. Ba ta ce in karanta mata ba, ta dai ce wasiƙar gida ba ta tafiya ba sa hannunta, in ba ta biro. Ta riƙe shi a sama ta ce, "Ina wurin?" Na buɗe baki zan ce ƙasa ta hagu, sai na fasa. Na kama hannunta na ɗora a wurin. Shi ya sa za ka ga sa hannunta ya ɗan hau kan nawa.

Yayanka,
Vitumbiko Msiska
Lusungu NyaMsiska