Tokar Baba

Litinin, 4 ga Maris

Sun ƙi. Kwamitin maƙabarta ya ce ba a binne toka a cikin Yahudawa, sai gawa. Baba ne da kansa ya bar wasiyya a ƙone shi, kuma a sa shi kusa da Mama. Na cika ta farko, ta biyun ta gagare ni. Yana nan cikin gwangwani a kan kabad ɗina, kusa da rediyo.

Laraba, 6 ga Maris

Na je wajen Rabbi Tenenbaum, malamin majami'armu. Yaro ne, na girme shi da shekara ashirin. Wai, "Malka, ba ni na kafa dokar ba, gadonta na yi."

Na ce, "To wa ya kafa filin ajiye motoci a bayan majami'a? Annabi Musa? Ai tuƙi ranar Asabar, ranar hutu, haramun ne, amma filin cika yake yi, ko wurin ajiye keke ba a samu."

Ya ce wancan malamai ne suka zauna suka sassauta. Na ce to su sake zama mana, kujeru ne suka ƙare? Bai yi dariya ba. Ni ma ba wasa na je yi ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Raina a ɓace yake tun safe. Shekara tamanin da bakwai Baba bai taka majami'a ba sai don biki, ranar babban azumi ma da gangan yake soya ƙwai. Amma wa ya koya wa rabin yaran garinmu Winnipeg karatun Yidish, yaren kakanninmu, kyauta? 'Yan uwansa nawa aka kashe a Turai don su Yahudawa ne? Masu kisan ba su tambayi kowa ko yana azumi ba. Yau kuma wasu tsofaffi tara ne za su auna mini yahudancinsa.

Talata, 19 ga Maris

Gwaggo Gittel, ƙanwar Baba, ta kira. "Ke 'yar nan, mutanenmu a Turai ƙone su aka yi, hayaƙi suka zama ba da sonsu ba. Ubanki ya zaɓi wuta da hannunsa, taurin kai har lahira!" Na ajiye wayar. Abin haushin, kuka take yi.

Talata, 2 ga Afrilu

Akwai kujera ɗaya a kwamitin da ba kowa tun da mai ita ya rasu. Na ce ina so. Ba su sami dokar hana ni ba, kuma na ga sun nema.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Awa uku ana abu ɗaya a zaman kwamitin. Na karanto musu hukuncin wasu malamai da suka yarda a binne toka, makonni na yi ina tono shi, ni da ban taɓa buɗe irin littattafan nan ba. Rabbi ya ce shi ba zai tsaya a bakin kabarin ba, amma ba zai tare ƙofa ba. Shida suka yarda, huɗu suka ƙi. Ban yi wa kowa godiya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi laushi, ana iya haƙa. Ƙanena Leibel ya kira daga Toronto a sa rana. Ya ce a yi jibi, kowa ba ya aiki, jirgi ma ya fi sauƙi.

Na ce, "Jibi Asabar ce."

"To sai me?"

"Ba a binne mutum ranar Asabar, Leibel. Kanka ɗaya kuwa?"

Ya fashe da dariya. "Yaya Malka, toka ce fa. Ta mutumin da ke soya ƙwai. Tsoron wa kike ji?"

Na yi masa tas, ban ma san abin da na faɗa ba. Ba don addini ba ne, ni dai ban yarda da komai ba, kowa ya sani. Kawai Mama na kwance a wurin, kuma ba za a dame ta da shebur ranar hutunta ba.

Na sa Lahadi. Ya zo ko kar ya zo.