Shekara Dubu Goma a Firijin Gwaggo

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

'Yata Maimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Tunda kunnena ya yi nauyi waya ba ta yi mini, shi ya sa na rubuta da hannu na ɗauki hoton takardar. Kar ki yi wa rubutun dariya, a wurin likitoci na koya.

Kin tuna bazarar bara da aka ɗauke wuta, allurar ciwon sugan maigidana Malam Tanko ta lalace a firiji ba mu sani ba, har sai da aka kwantar da shi? Kuma ba shi kaɗai ba ne a unguwar nan. Na yanke shawarar abin da aka sallame ni da shi daga aikin jinya zan sa in haɗa sola da babban firiji a shagon ƙofar gida, masu ciwon suga su riƙa ajiye allurarsu suna ba da abin da ya sawwaƙa. Ɗan'azumi mai sola na Unguwa Uku ya ce batir huɗu sun isa. Ke ce injiniya. Sun isa ko ba su isa ba? Lafiyar mutane zan ajiye a ciki, ba ƙanƙara ba.

Gwaggonki,
Sa'adatu

*

Fatakwal

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, a gaishe mini da Baba Tanko, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ki yi haƙuri, ba zan iya cewa e ko a'a ba tukuna. A wurin aikinmu, kafin mu ce bututun mai zai jure, akwai manhajar da muke sakawa ta rayu shekara guda sau dubu goma a cikin kwamfuta, kafin shayina ya huce. A wata shekarar hadari ya yi yawa, a wata batir ya tsufa da wuri, a wata komai ya tafi daidai. Sai mu ƙirga a shekaru nawa abu ya lalace. Haka zan yi wa firijinki.

Ki tambayi masu sola a Tarauni abu uku: yaya batirinsu yake kai su a rana mai kyau, yaya a ranar yau da kullum, yaya kuma a rana mafi muni da suka taɓa gani. Ta ukun ce na fi buƙata.

'Yarki,
Maimuna

*

Gyaɗi-Gyaɗi

Maimuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wai da gaske injin ya rayu shekara dubu goma kafin shayinki ya huce? Na karanta wa Malam, ya ce a tambaye shi ko a cikin shekarun akwai wadda aka gyara kwatar layinmu.

Kin sa na sha kunya. Na shiga adaidaita na zaga Tarauni har Darmanawa. Duk wanda na tambaya ranarsa mafi muni sai ya ce, "Alhamdulillahi Hajiya, mu dai ba mu taɓa ganin komai ba." Ɗan'azumi kuwa ɓata rai ya yi, ya ce, "Haba Hajiya, ba a fara abu ba ana yi masa mugun baki?" Ga dai abin da suka faɗa na rubuto miki.

Gwaggonki

*

Fatakwal

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na saka amsoshin. A shekara dubu goma, firijinki bai ɗumama ba ko sau ɗaya. Ban yarda ba. Ban taɓa ganin sakamako mai kyau haka ba, kuma kyan nasa ne ya ba ni tsoro. Manhajar ba ta san ƙarya ba, ba ta kuma san kawaici ba, abin da aka ba ta shi take ci. Mun ciyar da ita godiyar Allah zalla, ta dawo mana da ita. Kar ki sayi komai tukuna. Ko akwai yadda za a yi su buɗe baki?

Maimuna

*

Gyaɗi-Gyaɗi

'Yata,

Bayan gaisuwa. Abin ya tsaya mini a rai, ina tuƙa tuwo ina tunaninsa. Sai na tuna a asibiti mara lafiya yakan ce da sauƙi yana murƙususu, amma tambaye shi na gadon kusa, sai ya zayyana miki komai. Na koma gidajen nan, ban tambayi kowa nasa ba, na ce, "Ya solar maƙwabcinku?"

Maimuna, sai da birona ya ƙare! Wata ta ce, "Ai su Alhaji na gaba, lokacin da taransfoma ta ƙone, kafin la'asar batirinsu ya mutu murus." Na je gidan Alhajin, su ma suka ba ni labarin nata, iri ɗaya sak.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Ba hadari ne yake kashe musu batir ba. Ranar da unguwa ta rasa wuta, kowa gidan mai sola yake nufa. Wannan da waya, wannan da fitila, wannan da kular zoɓo, wata har da injin markaɗe. Wa zai kalli maƙwabcinsa ya ce a'a? Injinki ya san wannan?

Sa'adatu

*

Fatakwal

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Bai sani ba, yanzu na koya masa, kuma na ji daɗin aikin nan fiye da na ofis. Da, na ɗauka rashin wuta daban, yawan kaya daban. Ashe tare suke zuwa, kamar baƙo da yunwarsa.

Ga sakamako. In firijin shi kaɗai ne a kan batir huɗu, allurar tana lalacewa a shekara ɗaya cikin ɗari biyu. In maƙwabta suna caji suna kuma cusa kayansu masu ɗumi a ciki, shekara ɗaya cikin biyar. Na gwada da batir takwas, bai taimaka sosai ba, don in wuta ta ƙaru masu zuwa ma ƙaruwa za su yi.

Saura abu ɗaya da ba ni da adadinsa, kuma ina jin nauyin tambaya. Gwaggo, cikin ɗari, sau nawa za ki iya cewa a'a? Na san ki, ko kaza ba kya kora daga tsakar gida.

'Yarki mai biyayya,
Maimuna

*

Gyaɗi-Gyaɗi

Maimuna,

Ina gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, aiki ne ya sha kaina. An haɗa komai. Na sa Ɗan'azumi ya jona firijin kai tsaye, babu soket ko ɗaya a shagon. Masu caji sun zo sun duba bango sun koma suna dariya.

Makon jiya taransfoma ta sake ƙonewa. Lami, aminiyata ta bayan layi, wadda ta yi jinyar mahaifiyata tare da ni, ta shigo da roba cike da naman sunan jikanta. Ta ce, "Zuwa gobe kawai, Sa'a." Na buɗe firijin, na ga allurar Malam da ta sauran mutane a jere. Na rufe. Na ce mata a'a.

Allurar kowa na nan da sanyinta. Naman ya lalace. Jiya mun haɗu da Lami a bakin titi, ta gyara mayafinta ta tsallaka. Na shiga gida na yi kuka.

Ki saka wannan a injin naki, 'yata. Cikin shekara dubu goman nan, a guda nawa Lami take dawowa ta gaishe ni?

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Sa'adatu