Takunka a Fadamar Boyekai

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba ta da mai kai ta, kuma kai da ka saba bin rubutuna da jan biro ba za ka ga ko layi ɗaya ba. Duk da haka zan rubuta, don na yi maka laifi, kuma sai bayan addu'ar arba'in na gane.

Gida lafiya lau. Inna tana nan Wurno, ta ƙi komawa wurin Yaya Bello a Sakkwato. Albasar bana ta yi kyau, har ƙanenka Baba Umaru yana magana kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Ka tuna kundin digirina na biyu? Shekara biyu ina tonon tsofaffin jaridun Turanci, ina farautar kalmominsu masu nufin faɗi: abu ya bazu ko'ina, ya mamaye yanki, ya game ƙasa tsawo da faɗi. Yunwa, fari, ambaliya, duka da waɗannan kalmomin ake auna su. Hukuncina a babi na uku shi ne kalmomin raggaye ne. Ɗan jarida na zaune ƙarƙashin fanka, sai ya shimfiɗa kalma guda ta rufe inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Babban misalina wani guntun labari ne marar suna, layi shida, kan shekarar da gulbin Rima ya ci fadamar Boyekai. Na karanta maka shi a zaure, ina taɓe baki. Ka saurara har ƙarshe, ka ce Turancina ya nuna, ka tambaye ni ko na ci abinci.

Mi ya hana ka faɗa, Baba?

Ni a malamin firamare na san ka. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa kafin a haife ni kana aika wa jarida labari ta gidan waya. Makon jiya Inna ta ba ni akwatinka na ƙarfe. A ciki na iske guntun nan, an maƙala shi da allura jikin shafi tara na rubutun hannunka, kwafin abin da ka aika musu. Babu kalmar faɗi ko ɗaya a ciki. Ka auna ruwan yadda manoma ke auna gona, da taki. Inda ya fi ƙarfin ƙafa, ka shiga jirgin masunta kana ƙirga dungurin sandar tuƙi. Gona bayan gona, da sunan mai ita, da abin da ya shuka. Har da wata tsohuwa mai kunya goma ta wake. Edita ya kwashe su duka, ya aza kalma guda a gurbinsu.

Ran Asabar Baba Umaru ya kai ni wurin. Na fara daga bakin gulbi, na nufi tsamiyar da ka rubuta cewa nan ruwan ya tsaya, ina ƙirga taki cikin takalmina na 'yan birni. Ƙasa busasshiya ce, ga hanya tsakanin albasa. Da ƙyar na kai rabi, na zauna a kan kunya ina haki. Na duba gabas, na duba yamma, fadama har inda ido ya gaji. Duk wannan ruwa ne? Kuma kai kaɗai a tsakiyarsa, ruwa iya ƙirji, littafi cikin hula? Da mi ka riƙe lissafin? Wa ya sa ka?

Wani dattijo mai ban ruwa ya zo ya tambayi lafiyata. Na karanta masa sunayen. Da na zo kan na mahaifinsa, sai ya aje fartanya, ya ce in maimaita.

Malamata mai duba kundin ta ce in na taɓa babi na uku, kare kundi ya wuce ni sai baɗi. Na ce na ji. Ban yi kuskure duka ba, ka san ba na son amsa kuskure: kalmar ta rufe wani abu. Sai dai ba ragganci ta rufe ba, kai ta rufe, kai da mutanen da ka ƙirga. Za su shiga kundin, kowa da sunansa, har da mai waken.

Allah ya yalwata maka makwanci, ya kai haske. Gobe da safe zan koma Boyekai da takalmin roba. Saura rabi.

'Yarka mai yawan sani,
Hadiza