Kwanon da Ya Dawo a Kife

Keita, daren Laraba

Ban gaya wa kowa ba, amma yanzu tsoron ɗakin Madam Hanatu nake ji. Tsohuwar ungozoma ce, Kirista, maƙwabciyarmu. Kullum na kai mata hura ba ta maido kwano wayam, ko gyaɗa ce sai ta zuba.

Ita ta koya mini wata kalmar Girkanci, arkeo, wato abu ya isa. Ta ce a littafinsu da ita aka faɗi man fitila ba zai isa ba, da ita kuma Allah ya ce wa wani mai wahala alherinsa ya ishe shi. A littattafan soyayyata ba mai cewa ya isa.

Yau na iske ta tana hira da kujerar marigayi mijinta. Ta miƙo mini kwanon a kife.

"Ɗiyata, gobe kar ki kawo. Ya isa. Shi ma ya ce ya isa."

Ta hana ni kiran ɗanta da ke Yamai. Ita ya ishe ta, shi fa? Da asuba zan ari salular Inna in kira shi. In za ta yi hushi da ni, gara ta yi tana da rai.