Kwamfutar da Ke Buƙatar Ɗumi

Litinin, 3 ga Maris

Ina neman afuwar duk wanda idonsa ya faɗa kan wannan littafi, domin zan ɗora masa damuwar da ba tasa ba. Ko da yake ba na tsammanin mai karatu, tun da a ƙarƙashin takardun fansho nake ajiye shi, inda babu mai leƙawa.

Al'amarin shi ne, maiɗakina ta ba ni wa'adi. Tsohuwar kwamfutar da na fito da ita daga ɗakin ajiya bayan na yi ritaya ta mamaye teburin falo, wanda keken ɗinkinta ya zauna a kansa shekara goma sha biyu. Ta ce, "Malam, wata biyu ke nan ina ɗinki a ƙasa, bayana ya ƙage. In wasan nan naka bai tashi ba zuwa Asabar, mai sayen tsoffin ƙarafa zai ɗauke maka nauyinta."

Wasan na wani ɗan mutum ne mai hular kwano, yana haƙa rami yana tsintar duwatsu masu daraja, kunamu suna bin sa. Mataki ashirin ne. A na goma sha tara na tsaya. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin ajiyar takardu ban taɓa barin fayil a buɗe ba, kuma ba zan fara da wannan ba.

Talata, 4 ga Maris

Na sake zuba wa kwamfutar tsohuwar babbar manhajarta, domin wasan ba ya yarda da ta zamani. Faifai goma sha uku, kowanne na hure shi sau biyu kafin in saka. Na bi ɗan littafin koyon kwamfuta da na saya tun ina matashin ma'aikaci, layi bayan layi, da rula a ƙarƙashin kowane layi. Aibinsa guda ne: takardar tsakiyarsa ta ɓace tun da daɗewa, daga shafi na ashirin da biyu sai na ashirin da bakwai. Na yi imani da a ce akwai muhimmin abu a wurin, da marubucin ya maimaita shi.

Na rubuta sunan wasan a baƙin allo. Ta amsa cewa ƙwaƙwalwarta ba ta isa ba. Sau tara.

Laraba, 5 ga Maris

Na tuna wani abu. A da, idan na kunna ta da safe kafin in fita, takan ƙi. Idan na dawo da yamma kuwa, sai in tarar da ita a kunne, maiɗakina ta ce, "Na kunna maka ita ta yi ɗumi," wasan kuma ya tashi nan take. Ashe ɗumi take buƙata, ni ne na manta.

Na kunna ta ƙarfe takwas, na lulluɓe ta da bargo, na zauna kusa da ita da agogo. Ƙarfe ɗaya ta fara warin roba. Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Jikin nata da sauƙi, ko in dafa mata ruwan zafi?" Na yaye bargon, na rubuta sunan wasan.

Ƙwaƙwalwa ba ta isa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

An taɓa littafin nan. Da zare nake sa masa alama, fari. Yau shuɗi na tarar.

Juma'a, 7 ga Maris

Na kira maƙwabcinmu mai gyaran rediyo. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya yi tari saboda ƙura, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta girmi shagona. Ka bari surukinka ya sa maka wasan a waya mana, minti biyar an gama." Na bayyana masa cewa a waya daga mataki na ɗaya zan fara, kuma jerin gwanaye ba zai biyo ni ba. Jeri ne na mutum goma da wasan ke nunawa a farko. Ni ne na goma, da sunana a rubuce. Tara na sama ba su da suna, layi ne kawai da maki masu ban tsoro, waɗanda masu ƙera wasan suka sa domin kada ɗan Adam ya yi girman kai.

Ya ce, "To Allah ya ba ta lafiya." Ya tafi da ƙusa guda a aljihunsa, sai da na bi shi har ƙofa.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 8 ga Maris

Zan rubuta abin da ya faru bisa tsari.

Ƙarfe goma mai sayen ƙarafa ya iso yana tura kurarsa ta ɗaukar kaya. Ya ɗaga kwamfutar ya jijjiga ta kusa da kunnensa, ya ce, "Baba, allon ku riƙe, ku ɗora tukunyar fure a kai." Na roƙe shi ya ba ni gwaji ɗaya na ƙarshe. Na jona wayoyi, na kunna, na rubuta. Ta maimaita maganarta. Ina jin na cire tabarau na daɗe ina gogewa, fiye da yadda suke buƙata.

Sai maiɗakina ta aje rigar da take yi wa kalmasa ta ce, "Matsa, Malam." Ta kashe kwamfutar. Ta ɗora almakashinta a kan wani madanni na gefen hagu, ta kunna, ta naɗe hannu. Allon ya wuce duk dogayen rubuce-rubucen da ya saba yi. Ta ɗauke almakashin, ta buga sunan wasan da yatsa biyu ba tare da ta dubi madannan ba. Kiɗa ya tashi. Ga ɗan mutumina da hularsa.

Na ce, "Ɗumin fa?"

Ta ce, "Wane ɗumi? In ka danne wannan, ba ta kwaso tarkacen firinta da na linzamin kwamfuta, sai wasan ya sami wuri. Yana cikin littafinka." Ta buɗe gwangwanin maɓallan riguna, ta fito da takarda a ninke, ta yi laushi kamar tsumma. Shafi na ashirin da uku zuwa ashirin da shida. Wai ta tsince ta ne a ƙarƙashin kujera tana shara, shekarar da autarmu ta fara rarrafe.

Jerin gwanaye ya bayyana. Na nuna mata layukan tara, ina shirin yi mata bayanin masu ƙera wasan. Ta ce, "Ba na tsayawa rubuta suna, lokacin ɗauko yara daga makaranta yake yi."

Mai sayen ƙarafa ya ce, "Baba, in tafi ke nan?" Ita ce ta sallame shi.

Na tambaye ta mene ne a bayan mataki na ashirin. Ta ce, "Ka je ka gani." Ta koma ƙasa ta ci gaba da kalmasarta.

Lahadi, 9 ga Maris

Bisa sharaɗin wa'adi, wasan ya tashi, saboda haka tebur nawa ne. Sai dai na lura iska ta fi ratsa kwamfuta idan tana ƙasa, don haka na sauke ta kan tabarma, na mayar da keken ɗinki mazauninsa, na kuma sa masa mai. Dalili ne na fasaha kawai.

Kunamun mataki na goma sha tara sun kashe ni sau goma sha huɗu. An yi dariya daga wajen tebur sau goma sha huɗu.

Zuwa ga mai zare shuɗi, wadda na san za ta ɗaga takardun fansho gobe idan na fita sayen jarida. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon abubuwa kamar haka:

1. A sanar da ni ko ta hagu ake bi wa kunamar nan ta uku, ko ta dama.
2. A ba ni aron almakashi daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, ranakun da ba a yanka yadi.
3. Idan babu takura, a zauna kusa da ni a lokacin. Ba sai an yi magana ba.
4. Kada mai gyaran rediyo ya ji.

Na bar shafi na gaba fari, da fensir a fiƙe. Ina jiran amsa a rubuce.