Rabonka na Burodi da Romo

Gaya, ranar Juma'a a tsakiyar bazara, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Ina zaune bisa turmi a ƙofar madafa, tukunya na jiƙe a gabana, ban wanke ba tukuna. Inna tana ɗaki, ta sakaya ƙofa.

Zuwa ga Yayana Mumuni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarka Rakiya, da ta Inna, da ta matarka Zalika. A shafina na intanet nake ajiye wannan wasiƙa, domin wata bakwai ke nan lambar salularka ba ta shiga, kuma ba ni da wani adireshi naka. Ka yi haƙuri da idon jama'a. Ina sa ran a cikin masu karantawa a samu mutumin Malanbil, ko Kandi, ko Paraku, can ƙetaren kogi, da ya ga dogon direban kamiyo, babbar motar kaya, mai tabo a haɓa.

Dalilin rubutun shi ne, yau na dafa namanka, kuma an yi abin da ya kamata ka sani.

Zan fara da abin da na tabbatar, don ka san yadda labarinka yake a gida. Tun da manyan motoci suka daina haye gadar da ke tsakaninmu da Malanbil ka bar kamiyonka a ƙetare, kana rako kaya ta jirgin ruwa. Ranar da ka ɓace ka kira Zalika bayan La'asar daga kasuwar Malanbil, ka ce ta ajiye maka tuwo, za ka haye kafin Magariba. A yammacin nan wani jirgi ya kife, kogi kuwa a cike yake. Ba a rubuta sunan masu shiga jirgi. Masunta sun yi kwanaki suna nema, waɗanda aka samu ba ka cikinsu. Wani mai dakon albasa ya ce ya gan ka ka shiga. Wani mai shayi ya ce ya gan ka bayan Magariba kana hawa motar Kandi. Da na dawo daga Yamai na je na same su duka biyun, na tambayi kowanne launin rigarka. Mai dako ya ce shuɗiya. Mai shayi ya ce shi fuska yake kallo, ba riga ba. Zalika ta ce da shuɗiya ka fita, amma na tsaya a bakin ruwa na duba, maza masu shuɗiyar riga ba su ƙirguwa. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Na gama lisans ɗina, wato digirin farko, a Yamai, sakamako ya fito, na ci. Duk zamana a jami'a ana koya mana kada mu rubuta abin da ba mu auna ba. Shi ya sa ban taɓa barin kowa ya kira ka marigayi a gabana ba.

Ka san halin Inna da kai. Kai ne ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Mai mota" take cewa, ko "wancan", ko "yayanki". Ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba. Abin da take yi shi ne, duk abincin da aka sauke sai ta sa Zalika ta zuba rabonka a kwanonka mai murfi, a kai ɗakinta. Da safe ni da Zalika mu ɗumama mu ci, ba mai kallon wata.

Ranar Litinin Baba Garba, ƙanen marigayi Babanmu, ya zo daga Tanda. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce da Inna, "Yaya, ni ma ɗana ne. Amma in ya riga mu, yana can yana jiran sadaka da addu'a, mu muna nan muna jiran ƙarar mota. Ga ɗiyar mutane a zaune, ita ba aure ba, ita ba takaba ba." Ya roƙe ta ta yarda a yi maka sadaka, a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa. Inna ta tambaye shi ya shinkafar rani. Ya ce zai dawo ranar Asabar ya ji amsa, gobe ke nan.

Jiya da hantsi ta kira ni ta ce, "Ki je wajen mahauci. Gobe ki dafa mana irin naman nan na yayanki, mai romo. Ki yi da yawa." Na ce da yawa kamar yaya? Ta ce, "Ke dai da tambaya." Ba wanda ya dafa shi a gidan nan tun tafiyarka. Na wuni ina juya maganar, na kasa gane ko mafarki ta yi kana hanya, ko kuwa amsar Baba Garba ce take shiryawa.

Na sayo ƙwauri da ƙirji, kilo huɗu, da ƙashin ɓargo. Mahaucin ya so ya ba ni tsoka zalla, na ƙi, don ka ce tsoka ta masu tsire ce, wannan girkin jijiya yake so.

Kai ka kawo abincin nan gidanmu. Lokacin kana yaron mota ka ci shi a tashar Paraku, wajen wata tsohuwa da ke tsaga burodi ta cusa nama, ta miƙa romo a gwangwanin tumatir. Ka dawo ka karɓe murhun gawayi daga hannun Inna. Ta ce, "Ƙato da gemu a gindin murhu, me maƙwabta za su ce?" Ka ce, "Za su ce a sam musu, Inna." Haka kuwa aka yi.

Bayan sallar Asuba na hura wuta. Na tsane naman, na soya shi guda-guda cikin mai kaɗan har kowane gefe ya yi duhu, na kwashe. Zalika ta yanka albasa mai yawa, na zuba a man, na yi ta juyawa har ta narke ta koma launin dabino. Sannan tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari kaɗan, da ƴar daddawa, wadda ka ce tsohuwar Paraku ba ta sawa amma kai ɗan Gaya ne. Na mayar da nama da ƙashi, na zuba ruwa har ya rufe su. Da ya tafasa na kwashe kumfa, na rage gawayi, na barbaɗa toka a kan sauran garwashin, na rufe tukunya na ɗora dutse.

Daga nan babu aiki sai jira, kuma nan ne kullum muke faɗa da kai. Ni ina son in buɗe in gani. "Madam Awo," kake cewa, "tukunya ba ɗakin gwajinku ba ce. Ki sake taɓa murfin nan ki ga in ban ɗaure ki a jikin dalbejiya ba." Na taɓa tambayar ka awa nawa daidai, ka ce sai liman ya sallame Juma'a. Na ce wane liman, ai wani ya fi wani doguwar huɗuba. Ka ce to ranar mai doguwar huɗuba nama ya ji daɗinsa.

Yau ban buɗe ba. Na durƙusa ina sauraro yadda ka nuna mini: in tana ɓulɓulowa da sauri wuta ta yi yawa, in ta yi shiru wuta ta mutu, ana son a riƙa jin ta ɗaya bayan ɗaya. Wajen hantsi ƙamshi ya cika gida. Zalika tana shara, ta tsaya, ta jingine tsintsiya ta shige ɗaki. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga da fara'a ta ce, "Kai! Mai mota ya dawo ne?" Sai ta kama bakinta, ta sauka ba ta jira amsa ba.

Da aka taso daga masallaci na ɗaga murfi. Na danna da bayan cokali, naman ya rabu da kansa. Na tsame, na yayyaga da hannu da zafinsa, na tace romon a rariya, na kwashe rabin kitsen da ya taso, gishiri a ƙarshe. Dogon burodi tun jiya na saye shi kamar yadda kake yi, don sabo narkewa yake a romo kafin ya kai baki. Zalika ta fito da jajayen idanu. Ita tana tsagawa tana gasa cikinsa a kan garwashi, ni ina shafa mutar, yajin kwalbar nan mai ruwan ɗorawa, ina cusa nama da albasa.

Inna ta fito ta zauna a kujerarta. Na miƙa mata guda da romo a kofi. Ta tsoma, ta jira ya sha, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce, "Kin ji tsoron barkono." Gaskiyarta ce, na ji.

Sai Zalika ta ɗauko kwanonka kamar kullum, ta buɗe. Inna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Yau ba za a rufe ba." Zalika ta tsaya da murfi a hannu. Inna ta zaɓi burodin da ya fi nama da kanta, ta ɗora a babban faranti, ta sa muka jera sauran a gefensa, muka juye romo a ƙaramar tukunya. Ta ce in kai bakin ruwa, wajen masuntan da suka neme ka. Na ce, "In sun tambaye ni na mene ne, me zan ce?" Na tambaya ne don ina tsoron in faɗi abin da ba ta ce ba. Ta dubi farantin, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki ce sadakar Mumuni ce."

Yaya, sunanka ne a bakin Inna. A hankali ta faɗe shi, kamar wadda ta daɗe tana maimaita shi a ciki. Zalika ta zauna a ƙasa inda take. Ni kuwa na yafa mayafi na ɗora faranti a ka, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Kogi ya ja baya sosai, sai da na taka rairayi mai zafi kafin in kai gare su. Na same su a inuwar rumfa suna gyaran taru. Dattijon da ya jagoranci neman ka ya gane ni. Na faɗi yadda aka ce in faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya kira sauran da yarensu, Dandanci, suka matso. Na manta ban kawo kofuna ba, sai suka zagaye tukunyar suna tsomawa tare. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wannan ai na direba ne. Ya taɓa kawo mana, na kai baki haka nan, ya ƙwace ya ce sai na tsoma, wai ina ɓata masa aiki." Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Da suka gama dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce Allah ya jiƙan Mumuni, ya gafarta masa, ya ba uwarsa da iyalinsa haƙuri. Duk suka ce amin, suka shafa. Tun dawowata nake gyara wa mutane magana, in an fara irin wannan addu'a in ce ba a tabbatar ba tukuna. Na buɗe baki in faɗi haka. Ina hango rumfunan Malanbil a ƙetare, wani jirgi kuma yana tahowa cike da mutane. Na jira ya matso, na bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Sannan na ce amin. Da ƙarfi na faɗa, duk sun ji.

Ina gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani. Ba wata hujja na samu ba, Yaya, abin da na sani jiya shi na sani yau. Na faɗa ne don in kana buƙatar addu'ar nan, kada ya zama ƙanwarka ce kaɗai ta hana ka.

Da na dawo gida na tarar Inna ta aika an aro tabarmi. Suna jingine a zaure, suna jiran Baba Garba.

Ga abin da har yanzu ban sani ba.

Ban san ko ka shiga jirgin nan ba.

Ban san wanda mai shayi ya gani ba in ba kai ba ne, ko shi ma akwai gidan da ke jiran sa.

Ban san abin da malamai za su ce game da Zalika ba, ban kuma san ko tana son komawa gidansu a Karakara ko zama da mu ba. Sau biyu na je ƙofarta in tambaye ta, na dawo.

Ban san me zan amsa gobe ba in mata suka riƙe hannuna suka ce ya haƙuri.

Ban san da wane ido za mu dube ka ba in wata rana ka yi sallama a zaure bayan mun karɓi gaisuwarka.

Allah da ya san inda kake ya isar maka da wannan. In kana bisa ƙasa, ya tsare ka, ya ciyar da kai, ya juyo da kai gida, kunyar mu za mu ɗauka da murna. In kana wajensa, ya jiƙan ka, ya yalwata maka makwanci, ya kai maka ladan abin da aka ci yau a bakin ruwa. Ya riƙe mana Inna. Amin.

Ƙanwarka mai jira,
Rakiya